Yadda ake zuwa kallon kaɗe-kaɗe a lambun Shikago da abincinku da abin shanku

Duk wanda ya taɓa cin hunturun Shikago ya san abin da ya sa mutanen garin ba sa iya zaman ɗaki da zarar Yuni ya kama. Wata da watanni ana fama da dusar ƙanƙara da iskar tafki mai ratsa ƙashi, sai ga rana ta fito, ciyawa ta yi kore shar, kowa ya naɗe shimfiɗarsa ya nufi lambu. A tsakiyar gari, daura da titin Michigan, akwai Millennium Park da aka buɗe a 2004, a cikinsa kuma akwai dandalin Jay Pritzker wanda Frank Gehry ya zana. Kujeru 4,000 ne a gaba, a bayansu filin ciyawa mai ɗaukar mutum 7,000. A nan ake yin Grant Park Music Festival, taron kaɗe-kaɗen gargajiyar Turawa da aka soma tun 1935, mako goma daga Yuni zuwa Agusta, kuma zama a kan ciyawar kyauta ne, ko sisi ba a biya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne an yarda mutum ya zo da girkinsa. Ga uwa mai yara, mai neman halal, a garin da kwanon abincin waje ke cinye kuɗin cefanen kwana biyu, wannan ba ƙaramar dama ba ce.

Na lura 'yan'uwanmu da yawa, ɗalibai da masu zuwa ziyara, suna wuce wurin su ɗauki hoto a gaban Cloud Gate, ƙaton ƙarfen nan mai sheƙi da siffar wake da ke cikin lambun, su tafi, ba su san da yamma za a iya shimfiɗa tabarma a bayansa ba. Ga yadda muke yi a gidanmu.

Ku fara da duba dokar wannan daren

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ke jawo a mai da mutum daga bakin ƙofa. Dandalin ɗaya ne, amma tarukan da ake yi a cikinsa daban-daban ne, kowanne da ƙa'idarsa. Tun 2018 hukumar birnin ta sa ana binciken jaka a ƙofofin shiga, ta kuma hana shigo da barasa daga waje a wasu manyan tarukan da suka fi cika. Saboda haka abin da aka bari ranar Laraba ana iya hana shi ranar Asabar. Ku buɗe shafin intanet na taron, ku nemo ranar da za ku je, ku karanta jerin abubuwan da aka hana har ƙarshe. A yi haka kwana biyu kafin tafiya, a sake leƙawa da safiyar ranar.

Abu na biyu da za ku duba shi ne wurin da za a yi wasan. Wasu darare ana mai da shi cikin zauren Harris Theater da ke bayan dandalin, can kuwa ba ciyawa, ba shimfiɗa, ba cin abinci. Kada kuma ku haɗa wannan taron da Lollapalooza, wani babban taron waƙoƙi da ake yi a lambun Grant Park da ke kusa, wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Wancan na tikiti ne mai tsada, kuma ba a shiga da abincin waje.

Sai girman kula. Ƙa'idar da aka sa ita ce kada jaka ko kula ta wuce inci 26 a tsawo, 15 a faɗi, 15 a tsayi, wato kamar santimita 66 da 38 da 38. Babbar kular biki irin wadda muke zuba shinkafar suna ba za ta shiga ba. Ba a shiga da wuƙa, ba a hura wuta ko gasa nama a ciki, ba a kafa tanti ko rumfa. Ku auna kularku da tef a gida, minti ɗaya ne.

Abin da za a dafa

Nan ne aikin yake. Ku tuna za ku ci ne a ƙasa, kwano a kan cinya, mutane kewaye da ku, babu famfon wanke hannu a kusa, kuma ana son shiru. Duk abin da yake da miya mai gudu ya fita daga lissafi. Tuwo da miyar kuka a bar shi sai an dawo gida. Shinkafa da miya ma ban ba da shawara ba, don sau ɗaya na kai ta, miyar ta bi gefen murfi ta jiƙe tabarma da zanen 'yata, kuma kafin a tashi ragowar ta fara canja wari saboda zafin ranar. Tun daga nan na koma abin da ake ɗauka da yatsu.

Tsire shi ne sarkin wannan zama. Ku sayi naman halal, a titin Devon akwai mahauta da yawa, ku ce a yanka muku shi fale-fale. A jiƙa tsinken a ruwa kamar rabin awa don kada ya ƙone, a shafa wa naman mai da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a soke, a gasa a oba da wuta mai ƙarfi ana juyawa. Idan ya huce sai a zare shi daga tsinke tun a gida, a zuba a roba mai murfi. Zare tsinken yana da amfani biyu: ba abin da mai bincike zai tsaya yana juyawa, kuma yaro ba zai taka tsini a ciyawa ba. Albasa da tumatir da kabeji a yanka su a gida tunda wuƙa ba za ta shiga ba, a sa su a mazubi daban, don in aka haɗa da naman tun da wuri ruwansu zai saki ya lalata shi.

Dambun nama ya fi kowa haƙuri, ba ruwansa da zafi. Masa tana tafiya da kyau in an naɗe ta a takardar girki aka sa yaji ko zuma a gefe. Alale na gwangwani ko na leda ya yi, amma shi wake ne mai laima, dole ya zauna kusa da ƙanƙara. Ƙosai kuwa da ɗuminsa yake da daɗi, bayan awa biyu a roba sai ya yi laushi ya sha mai, ni na daina kai shi. Sai abin taɓawa: cincin, soyayyiyar gyaɗa, dabino, kankana da aka yanka aka cire 'ya'yan. Kilishi ya dace ƙwarai, sai dai wanda aka yi a nan. Kada ku ce wa mai tahowa daga Kano ko Maraɗi ya saƙo muku a akwati, don dokar Amurka ta hana shigo da nama irin wannan, kuma ɓoye shi a filin jirgi yana jawo tara.

Ma'aikatar noma ta Amurka tana da ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe: dafaffen abinci mai lalacewa kada ya wuce awa 2 a waje ba sanyi, in kuwa zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Selsiyos, awa 1 ne. Ku lissafa da tafiyar jirgin ƙasa da layin ƙofa da jiran a fara, za ku ga awa biyun ta ƙare kafin a ɗaga gogen farko. Don haka ku yanke shawara tun farko, abincin nan da sanyi za a ci shi ko da zafi. In da sanyi ne, a dafa da daddare, ya kwana a firij, ya shiga kula da ƙanƙara. In da zafi ne, a ɗauraye filas ɗin abinci da tafasasshen ruwa, a zuba girkin yana tururi, a rufe, kada a buɗe sai za a ci. Ɗumi-ɗumin nan na tsakiya shi ke ɓata ciki.

Abin sha, da zancen barasa

Zoɓo ba ya wahalar samu a Shikago. Ku shiga kowane shagon 'yan Meziko a unguwar Pilsen ko Little Village ku ce hamaika, da haka suke kiransa, za a auna muku busasshen. A dafa da citta da kanumfari, a tace, a sa sukari, a ɗura a gorunan roba amma kada a cika su fal, a bar wurin da zai kumbura, sannan a sa a firiza ya kwana. Washegari waɗannan gorunan su ne ƙanƙarar kularku, kuma kafin magariba sun narke daidai sha. Haka ake yi da ruwan sha. Kunun aya yana da daɗi amma ba shi da haƙuri ko kaɗan, in bai daskare ba kada ya bar gida. Filas ɗin shayi mai citta kuwa za ku gode masa in rana ta faɗi.

Akwai abin da ban yi tsammani ba ranar da na fara kai zoɓo. Mai binciken jaka ya ɗaga gorar ya kalle ta a hasken rana, ja wur, ya tambaye ni cikin ladabi ko ruwan inabi ne. Na ce masa shayin fure ne, na buɗe murfin ya ji ƙamshin citta, ya yi murmushi ya mayar mini. Tun daga ranar nake liƙa 'yar takarda a jikin kowace gora in rubuta abin da ke ciki da Turanci. A daren da aka hana barasar waje, jan ruwa a gorar da ba ta da suna zai iya tsayar da ku a layi, wani lokacin ma a ce a zubar.

Yanzu ga maganar da bai kamata a ɓoye wa kowa ba: a darare da yawa za ku ga na kusa da ku sun buɗe kwalbar ruwan inabi ko gwangwanin giya. Al'adar wurin ce, kuma a taron Grant Park an yarda da ita. Yawanci a natse ake yi, don masu zuwa jin irin wannan kiɗa ba hayaniya ce ta kawo su ba. Mu a gidanmu ba ma sha, ba ma ɗauka wa kowa, kuma ba a ajiye ta a kan tabarmarmu, saboda hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kasancewa a filin ba gaba ɗaya, ko da batun kiɗan kansa, ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya fita, kuma kada wani ya matsa masa. Akwai ma wata hanyar: ƙungiyar makaɗan tana yin gwajin wasanta a buɗe da rana a ranakun aiki, kowa na iya zama ya ji, kuma lokacin wurin ba cunkoso.

In abokan aiki ko maƙwabta ne suka gayyace ku, ku faɗa musu tun kafin ranar, da sakin fuska, cewa ba ku sha kuma za ku zo da shimfiɗarku da abin shanku. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin haka ba. Abin da ke kawo jin kunya shi ne a yi shiru sai an miƙo kofi. Ku kuma lura da farantin da ake zagayawa da shi na cuku da yankakken nama, don yawancin naman nan na alade ne, kuma wasu kayan zaƙin Italiya ana sa musu barasa. Wanda ya fi ba ni tsoro saboda yara shi ne gwangwanin nan masu launi da hoton lemo ko mangwaro, waɗanda ba su da maraba da lemun kwalba a ido. In kun ga an rubuta kalmar hard a jiki, barasa ce. Na zaunar da yarana na nuna musu, na ce kada su karɓi abin sha a hannun kowa sai sun kawo mini na gani.

Ga masu karatu da addininsu bai hana su ba, ko masu rakiyar baƙin da ke sha, dokar ƙasar ba ta da wasa. Shekarun sha 21 ne, kuma ba wa wanda bai kai ba laifi ne ko da ɗan'uwanka ne. Izinin sha na cikin filin taron ne kaɗai, da an fita titi ya ƙare. A jihar Ilinoi ba a ajiye buɗaɗɗiyar kwalba a inda mutane ke zama cikin mota, sai a but. Tuƙi bayan an sha kuwa, ban da ran da ake jefawa cikin haɗari, kama ɗaya na iya sa a soke bizar ɗalibi ko ma'aikaci. Wanda zai sha ya bar mota a gida.

Shirya kula da jaka

Daskararrun goruna a ƙasa, nama da alale a kansu, kayan lambu da 'ya'yan itace a sama. Abin da ba ya son sanyi, cincin da gyaɗa da masa, ya shiga jaka daban. Ku tsara komai yadda mai bincike zai gani da kallo ɗaya, don in kuka cusa kaya a leda cikin leda sai an zazzage su a tebur mutane na jira a bayanku. Ku guji gilashi ko da an yarda da shi, yana da nauyi kuma fashewarsa a ciyawar da yara ke gudu ba takalmi ba abin so ba ne.

Tabarmar roba irin tamu ta fi bargo, don da yamma raɓa na tasowa daga ƙasa ta jiƙa yadi. In bargo ne kawai gare ku, ku shimfiɗa babbar leda a ƙarƙashinsa. A ƙara da faranti da cokula marasa nauyi, tsumman goge hannu mai laima, ledar shara guda biyu, maganin sauro, ƙaramar gora ta tsarki, da rigar sanyi ga kowa. Kada zafin azahar ya ruɗe ku, iskar Tafkin Mishigan tana juyawa da yamma ta sa mutum rawar ɗari a tsakiyar Yuli. Ga Hajiya ko Baba masu ciwon gwiwa a riƙo kujerar naɗewa, gajeriya ta fi, don doguwa tana tare wa na baya. Bututun ƙarfen da aka gicciya a saman filin na rataya lasifika ne, ba rufi ba ne, kuma ana yin wasan ko da yayyafi, sai a sa rigar ruwa a jaka.

Tafiya, salla da zaɓen wuri

Ku hau jirgin ƙasa. Ajiye mota a tsakiyar gari yana da tsada, ga cunkoson tashi daga aiki. Tashar Washington/Wabash ta jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi tana kusa, masu tahowa daga kudu a Metra, jirgin ƙasan garuruwan kewaye, kuma suna sauka a Millennium Station da ke gefen lambun. Yawancin wasannin tsakiyar mako da ƙarfe 6:30 na yamma ake farawa. Ku iso da awa ɗaya ko ɗaya da rabi kafin nan, in kuwa daren fitaccen mawaƙi ne a ƙara.

Mu kan yi la'asar kafin mu shiga, ko a gida ko a masallacin Downtown Islamic Center da ke titin State, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Magariba ce ke buƙatar tsari, don a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:30, a tsakiyar Agusta kuwa kafin 8:00, wato ko dai ana gab da tashi ko an tashi. Ku riƙe alwala in za ku iya, don bayin ƙarƙashin dandalin na cika da layi. Alƙibla daga Shikago arewa maso gabas take. A gefen filin ko can baya akwai inda mutum zai shimfiɗa darduma ba tare da ya tare hanya ba. Ni da maigida bi da bi muke yi, ɗaya na salla ɗaya na tsaron yara da kaya.

Wajen zaɓen wuri, kada ku damu da gaba. Lasifikan da ke sama an tsara su ne yadda na can ƙarshen ciyawa zai ji kamar yana cikin zaure. Masu ƙananan yara su zauna baya kuma kusa da gefe, inda za a iya fita da mai kuka ba a taka shimfiɗar mutane ba. Ku shimfiɗa daidai yawanku, ku bar 'yar hanya tsakaninku da na kusa, takalma a jere a gefen tabarma.

In an fara

Ku ci mai nauyin kafin a fara wasa. Buɗe robobi, ƙarar leda da rabon abinci duk a gama su lokacin da makaɗan ke gyara kayansu. Da madugun ya ɗaga sandarsa sai a rage murya, waya a kashe mata ƙara. Wannan kiɗa yana da gaɓoɓi, ana tsayawa jim kaɗan tsakaninsu kuma ba a tafi a nan, sai an kai ƙarshen duka. Hanya mafi sauƙi ita ce ku jira madugun ya sauke hannu ya juyo ya fuskanci jama'a. Shan taba haramun ne a lambun bisa dokar birni.

Ku zo da ɗan ƙari kan abin da za ku ci. Ƙamshin yaji yana tafiya, kuma za a tambaye ku. Wata dattijuwa da ta zauna kusa da mu da mijinta ta yi ta satar kallon robar tsirenmu, har ƙaramin ɗana ya raɗa mini, "Umma, in kai mata?" Na zuba masa a faranti, amma kafin ya miƙa na gaya mata akwai gyaɗa a ciki kuma da yaji. Wannan faɗin wajibi ne, don a nan akwai masu rashin lafiyar da gyaɗa ke iya kai su asibiti cikin mintuna, kuma tsirenmu da ƙuli-ƙuli ake yin sa. Ta ce ba ta da matsala, ta ci, idonta ya kawo ruwa, ta nemi ƙari. Mijin ya miƙo mana inabi da burodi, muka karɓa.

Tashi

Tun ana wasan ƙarshe ku fara mai da murafe a hankali, amma kada ku miƙe sai an gama tafi. Duk naman da ya daɗe a waje ba a kan ƙanƙara ba a zubar da shi, kada a ce za a ɗumama gobe. Gwangwani da gorunan roba a leda ɗaya, sauran shara a ɗaya, akwai mazubansu a bakin hanya. A ɗaga tabarma a kakkaɓe, a haska wurin da fitilar waya, don nan ake barin makulli da takalmin yaro. Ku bari turmutsutsun farko ya wuce kamar minti goma, sannan ku riƙe hannun yara ku bi ta titin Randolph ko Madison zuwa tasha.

Wanda ya ji daɗin wannan kuma yana son ya faɗaɗa, akwai Ravinia a Highland Park, arewa da birnin, wurin da aka buɗe tun 1904, inda ƙungiyar Chicago Symphony Orchestra ke yin bazararta. Can ana biyan kuɗin shiga ko da a ciyawa za a zauna, ana zuwa da abinci da abin sha, har da ƙananan tebura, kuma jirgin Metra na layin Union Pacific North yana tsayawa a bakin ƙofar. Tafiyar ta fi nisa, saboda haka a ƙara daskararriyar gora ɗaya ko biyu a kula, kuma a duba lokacin jirgin dawowa tun kafin a shimfiɗa tabarma.